Me Ya Sa Waya Take Riƙe Mutum?

Wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Yau a Tudun Jukun, Zariya, tela yakan bar ɗinkin Sallah yana latsa waya, har mai kaya ya zo ya tarar ba a gama ba.

Ga dalili. Mutum bai san lokacin da saƙo mai daɗi zai shigo WhatsApp ba. Shi ya sa zuciya take ta cewa a sake dubawa, kamar ta ɗan caca. Daurewa kaɗai ba ta isa, domin sabo turken wawa ne.

Maganin shi ne nisa. A kashe ƙarar saƙonni. A ajiye waya cikin ɗaki lokacin aiki. In an tashi, sai a duba.