Likita Ɗaya, Asibiti Ɗaya: Gwajin Da Aka Yi A Kumasi

A ƙasar Ingila, duk wanda ke son a duba shi a asibitin gwamnati, sai ya fara yin rajista da likitan unguwa. Shi ke riƙe da bayanan ciwonsa, shi ne kuma ke tura shi wurin babban likita idan abin ya fi ƙarfinsa. Masu saurarenmu da ke da 'yan'uwa a can sukan bugo waya gidan rediyo suna tambaya, wai me ya hana a yi haka a wannan yanki namu? Amsar ita ce an taɓa gwadawa a Ghana, kuma a kan mutanen Kumasi aka fara, har da 'yan'uwanmu mazauna zango.

Idan mai karatu bai manta ba, kafin shekarar 2003 asibitocin Ghana na bin tsarin da jama'a ke kira "kash-an-kari", wato sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka. A wannan shekarar ce gwamnatin Shugaba John Kufuor ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS. Akasarin kuɗin shirin na fitowa ne daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da aka ɗora a kan kayayyaki, sai kuma wani kaso daga asusun fansho na ma'aikata. Mai kati yana iya shiga duk asibitin da ke cikin shirin, daga baya asibitin ya aika wa hukuma da lissafi.

To, lissafin ne ya yi ta hauhawa. Mutum ɗaya zai je asibiti biyu ko uku a kan zazzaɓi guda, kowanne kuma ya nemi a biya shi. Saboda haka a farkon shekarar 2012 hukumar ta fito da sabon tsari a yankin Ashanti: kowane mai kati ya zaɓi asibiti ko shan-magani guda ɗaya, a rubuta sunansa a can. Hukuma za ta riƙa biyan wurin wani kuɗi ƙayyadadde a kan kowane kai duk wata, ko mutum ya zo ko bai zo ba. Ba a sauya wuri sai bayan wata shida, ban da ciwon gaggawa, wanda ko'ina aka kai mutum dole a karɓe shi.

A takarda abin gwanin sha'awa ne, domin mai hawan jini ko ciwon suga ba abin da ya fi masa amfani kamar likitan da ya san shi. Amma wanda ya san zango ya san inda gizo ke saƙar. Ɗan kasuwar da ya rubuta sunansa a Aboabo ko Asawase, yau yana Kejetia, jibi yana Techiman, mako mai zuwa ya bi motar albasa zuwa Bawku. Matar da ta zaɓi asibitin kusa da gidan mijinta, da haihuwa ta matso sai ta tafi wankan jego gidan iyayenta a wata unguwar. Masu asibitoci masu zaman kansu su ma sun yi ta kukan cewa kuɗin da ake biya a kan kowane kai bai isa ba. Kuma ba sai an faɗa ba, wurin da aka riga aka biya shi, marar lafiyan da ke yawan dawowa ya zama masa nauyi ke nan. Ga shi mutanen Ashanti na tambayar don me sai su kaɗai, har maganar ta shiga siyasa. A shekarar 2017 aka dakatar da tsarin.

A ganinmu, an ɗinka rigar ce ba a auna mai sa ta ba. Amma ita kanta shawarar mutum ya lazimci wuri guda ba ta da aibu, kuma mai ciwon da ba ya warkewa da wuri gara ya yi hakan da kansa.

Abin da ya rage a hannun talaka shi ne katin, kuma shekara ɗaya yake yi ya mutu. Nan ne muka fi yin sakaci, sai ciwo ya kwantar da mutum a tuna da shi. Sabon shiga yakan jira wata guda kafin katinsa ya fara aiki, in ban da wasu kamar masu juna biyu da ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5. An ɗauke wa 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffin da suka kai 70 biyan kuɗin shekara, amma su ma sai an yi musu rajista. Tun ƙarshen 2018 ana sabunta kati ta wayar salula: a danna *929#, a biya da kuɗin da ke cikin waya, ba sai an je an bi layi a ofis ba.