Renon iri a cikin gida: tun Satumba noman rani yake farawa

A ƙasar Mai Yara, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin yankin Kornaka a gundumar Dakoro, watan Satumba wata ne na hatsi. Hankalin kowa yana gona: ana duban zangarniya, ana gyaran rumbu, ana ƙiyasin dammai. Ba safai ake samun mai tunanin tumatir ko shu ba a wannan lokaci. Alhali kuwa a cikin waɗannan kwanaki ne ake ƙulla ribar noman rani ko hasararsa, tun ba a tada fangali ko guda a garka ba.

Dalili shi ne sanyinmu gajere ne. Tumatir da shu da salati da albasa sun fi jin daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zarar Maris ya raba, zafi ya taso, a Afrilu yakan haura digiri 40. Furen tumatir yana kakkaɓewa idan zafi ya zarce wajen digiri 35, salati ya miƙe ya yi ɗaci, shu kuma ya ƙi dunƙulewa. Manomin da ya jira sai ya gama kai amfanin gona gida sannan ya watsa iri a Disamba, to da bazara zai yi tsere, kuma ba a cika cin bazara ba.

Mutanen Faransa da Kanada su ma suna da irin wannan lissafi, sai dai a juye. Su sanyi suke gudu: sukan shuka iri cikin ɗaki, bakin taga, mako 6 zuwa 8 kafin ƙanƙara ta daina sauka, don su samu dashe a shirye. Mu a nan abin gudun shi ne ruwan ƙarshen damana mai dukan tsiro, da rana, da ƙwari. Ɗakinmu kuwa rumfa ce a tsakar gida.

Noman rani ya samu gindin zama a ƙasar nan bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su koma fadamu da bakin tabkuna. An gina rijiyoyi, an raba iri, har ma'aikatan gwamnati da yawa suka mallaki garake. Abin da ba a nanata ba sosai shi ne cewa ba kowace ƙasa ce Jiratawa ko Madarunfa ba, inda ruwa yake kusa. A yawancin ƙauyukan Dakoro rijiya tana da zurfi ƙwarai, har sai an ɗaura wa dabba igiya ta ja guga. A irin wannan wuri kowace lita tana da farashi, kuma a nan ne renon iri yake nuna amfaninsa. Gram 1 na irin tumatir yana ɗauke da ƙwaya wajen 300. Tsiron da zai cika ƙaramar garka yana iya yin watansa na farko cikin tsofaffin tasoshi 3 ko 4, yana shan ruwan da bai wuce na wanke-wanke ba. Wanda ya shuka kai tsaye a fili, wata guda zai yi yana shayar da rairayi.

Aikin ba shi da wuya, amma ba ya son ganganci. Ana samun tsohon daro, ko roba, ko jarka da aka tsaga biyu, a huda gindinta don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa ƙasa mai laushi da rairayi da taki, a tankaɗe. Takin sai wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen kashin awaki yana ƙona saiwa, yana kiran gara, yana kuma zuwa da ƴaƴan ciyawa. Masu ƙoƙari har gasa ƙasar suke yi a kan faifan ƙarfe, ko su zuba mata tafasasshen ruwa su bar ta ta huce, domin kashe cutar da ke kwance ciki. Sai a ja layi da ɗan yatsa, zurfin bai wuce santimita 1 ba, tsakanin layi da layi kamar faɗin hannu, a zuba iri tsilli-tsilli, a rufe, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama har ranar da tsiro ya leƙo. Ran nan a ɗauke ciyawar, kada a kwana.

Kuskuren da ya fi cin iri shi ne yawan so. Mai reno yana ganin tsiro ƙanana sai ya cika su da ruwa safe da yamma, ya kuma ɓoye su a inuwa mai duhu. Bayan kwana kaɗan sai ya tarar gindinsu ya sirance kamar zare, sun kwanta gaba ɗaya. Wannan ruɓewar gindi ce, wadda wasu ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa ke kawowa inda laima ta yi yawa, tsiro ya cunkushe, iska ba ta ratsawa. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Maganin tun farko ne: ruwa kaɗan da safe, ranar hantsi ta same su, a kare su daga ta tsaka, a kuma rage su idan sun yi yawa. Tsiron da bai ga rana ba yakan yi tsawo ba ƙarfi, ya faɗi ranar dashe.

Sauran maƙiya kowa ya san su: kaji, ƙadangaru, fara, da akuyar maƙwabta. Ɗora tasoshin kan gadon kara yana rage wannan fitina. Amma akwai wanda ido ba ya kulawa da shi, wato ɗan farin ƙuda mai laɓewa a bayan ganye, wanda ke ɗauko cutar nan mai nannaɗe ganyen tumatir ta mai da shi ruwan ɗorawa. Tsiron da ya kamu tun yana wurin reno ba ya yin ƴaƴan kirki, ko da an kai shi fadamar da ta fi kowace. Tsohon sange, wato gidan sauro, idan aka lulluɓe shi da kyau aka danne bakinsa, yana tare ƙwari da yawa. Waɗanda suka ga ɓarnar da tsutsar Tuta absoluta ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna cikin 2016 ba sa raina wannan ɗan ƙyalle.

Ga ƴan kasuwa masu sayar da iri, akwai magana. Tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, wadda ta ninka kuɗin kayan waje dare ɗaya, manoma suka saba da sayen iri a ƙulle-ƙulle, ba suna, ba kwanan wata. Araha ba ta ado. Irin albasa ba ya jure ajiya, da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, balle wanda ya yi bazara a kan tebur cikin rana. Gwaji kuwa kyauta ne: a ƙidaya ƙwaya 20, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan mako guda zuwa kwana 10. Idan rabi bai tsira ba, a mai da wa mai shi kayansa. Haka kuma fakitin da aka rubuta wa F1 irin aure ne: yana bada amfani mai kyau, amma ƴaƴansa ba sa gado shi daidai, don haka ba a cire iri daga gare shi. Albasar Galmi kuwa, wadda sunanta ya kai har Abijan da Akara, manoma da kansu suke fidda irinta. Mai son shawara kan irin da ya dace da ƙarshen damana yana iya tuntuɓar malaman gona na gunduma, ko cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, kusa da Maradi.

Ba kowane abu ake reno ba. Karoti da kuɓewa da kankana ba sa son a taɓa saiwarsu, a wurin zamansu ake shuka su.

Lissafin kwanaki shi ne abin da ya kamata ma'aikacin da ya ɗauki ɗan garka ya rubuta a takarda, maimakon ya aika da kuɗi ya jira labari. Tumatir yana yin kwana 25 zuwa 30 a wurin reno, shu wajen wata guda, salati mako 3, albasa kwana 40 zuwa 50 har ta kusa kaurin fensir. Tumatirin da aka shuka tsakiyar Satumba, a dasa shi tsakiyar Oktoba, zai fara nuna wajen ƙarshen Disamba, kasuwa ba ta cika ba tukuna. Wanda ya makara zai fito daidai lokacin da kwanduna suka yi yawa, mata suna yanka tumatir suna shanyawa don kada ya ruɓe.

Mako guda kafin dashe, a rage ruwa, a riƙa janye rumfa sannu a hankali har tsiro ya saba da rana da iska. Ran dashe a jiƙa tasa sosai, a ciro kowane tsiro da ƙasar gindinsa, a zaɓi masu ganye 4 zuwa 5 masu kaurin jiki, a zubar da ragowar ba tare da jin tausayi ba. Bayan la'asar ake dasawa, a bi da ruwa nan take, don tsiro ya samu dare guda na hutu kafin ya gamu da ranar gobe.