Sindarela: Tatsuniya Ɗaya, Ƙarshe Iri-iri

Da wuya a sami ɗalibin makarantar nan da bai san labarin Sindarela ba. Wasunmu sun karanta shi a littafin Turanci tun suna firamare, wasu kuwa a talabijin suka gan shi. Marainiya ce a hannun matar ubanta, ita ce shara, ita ce wanke-wanke, wurin kwananta bakin murhu cikin toka, inda ta samo sunanta ke nan. Ran nan ta je biki a fada, ta yar da takalmi ɗaya, ɗan sarki ya bi sawun takalmin har ya same ta ya aura. Har zuwa nan bakin masu ba da labarin kusan ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne tambayar da ke biye: da marainiya ta sami iko, yaya ta yi da waɗanda suka cuce ta?

Labarin tsoho ne ƙwarai. Tun ƙarni na 9 aka rubuta irinsa a ƙasar Sin, inda kifi ne mai taimakon yarinyar. A 1893 wata Baturiyar Ingila, Marian Roalfe Cox, ta tattara ire-irensa da danginsa har 345 cikin littafi guda. Amma waɗanda marubuta da mawaƙa da masu fim suka fi ɗiba daga cikinsu guda biyu ne.

Na farko shi ne na Charles Perrault, mutumin Faransa, wanda ya fito a 1697. A wurinsa muka sami kabewar da ta zama keken doki, da ɓerayen da suka zama dawaki, da takalmin gilashi, da uwar baftismar yarinyar wadda aljana ce. A ƙarshen labarinsa agololin gidan su biyu suka faɗi gabanta suna neman gafara. Ta tashe su, ta yafe musu, ta ba su masauki a fada, har ta aurar da su ga manyan fadawa.

Na biyu na Jacob da Wilhelm Grimm ne, wa da ƙane daga Jamus, a 1812. Babu aljana a nasu. Itacen da ya tsiro a kan kabarin uwarta da tsuntsaye su ne suka tufatar da ita, takalmin kuma na zinariya ne. Don ƙafa ta shiga, ɗaya daga cikin 'yan matan ta yanke yatsanta, ɗayar ta yanke diddige, jini ya tona musu asiri. Da aka sake buga littafin a 1819 sai aka ƙara cewa ranar aure tattabaru sun ƙwaƙule musu idanu, suka ƙare rayuwarsu a makance. Mu lura da wannan da kyau: horon nan ba ya cikin bugun farko. Da gangan aka sa shi, a lokacin da littafin ke ƙara shiga hannun yara.

Mawaƙa sun fi karkata wajen Perrault. A 1817, a birnin Roma, Gioachino Rossini ya fito da wasan kwaikwayo na waƙa, irin wanda Turawa ke kira opera, mai suna La Cenerentola. Ya cire sihiri gaba ɗaya. Maimakon aljana ya sa wani malami mai hikima, wanda ya zo gidan da shigar mabaraci don ya ga halin kowa. Maimakon takalmi ya sa munduwa, mugun gidan kuma namiji ne, mijin uwar yarinyar. Tun daga sunan wasan aka nuna inda aka dosa, domin rabinsa na biyu yana nufin nasarar nagarta. A fitowa ta ƙarshe amarya ce da kanta take roƙon ɗan sarki ya yafe wa mutanen gidansu, alhali shi yana fushi da su. Daga baya Sergei Prokofiev ya tsara wa labarin kiɗa don wasan rawa wanda ba a magana a cikinsa, aka fara nuna shi a Mosko a 1945.

Fim ɗin zane na kamfanin Disney, wanda ya fito a Amurka a 1950, shi ne ya fi kowanne yaɗuwa, shi ne kuma ya fitar da kamfanin daga bashin da ya shiga a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ƙara wa matar uban mugunta: ta kulle yarinyar a ɗaki, ta kuma sa aka fasa takalmin, sai ga Sindarela ta fito da ɗayan. Daga nan sai ɗaurin aure, sai keken doki ya tafi. Ba a nuna an hori kowa ba, ba a nuna an yafe wa kowa ba. A ganinmu wannan shi ne mafi rauni cikin dukansu, ko da yake waƙoƙinsa da daɗi. Yaron da ya kalle shi zai ɗauka cewa da zarar an sami ɗaukaka sai a juya wa jiya baya, shi ke nan.

Masu fim na baya sun koma wa tambayar. A Ever After na 1998 babu sihiri ko kaɗan. An kai labarin Faransa ta ƙarni na 16, mai taimakon yarinyar kuwa Leonardo da Vinci ne, shahararren mai zane. A ƙarshe an tuɓe wa matar uban sarautarta, aka tura ta aikin wanki a fada tare da babbar 'yarta, wato su ɗanɗani abin da suka ɗanɗana wa marainiya. Ƙaramar, da yake ta nuna tausayi, ta tsira. A fim ɗin Kenneth Branagh na 2015 kuwa, Sindarela tana shirin barin gidan sai ta juyo ta gaya wa matar ubanta ta yafe mata, ba tare da an roƙe ta ba. Duk da haka matar da 'ya'yanta sun bar ƙasar. An yafe, amma ba a sake zama tare ba.

Marubuta littattafai sun taɓo wani gefen. Gail Carson Levine, a littafinta Ella Enchanted na 1997, ta nemi dalilin da yarinya za ta yi shekaru tana bin umarnin masu wulaƙanta ta. Amsar da ta ba da ita ce, tun tana jaririya wata aljana ta ɗora mata biyayya ta dole, da sunan kyauta. Aikin yarinyar a littafin shi ne ta karya wannan da kanta.

Mu da muke karanta Littafin Farawa mun san wani wanda aka tuɓe wa riga aka jefa rami, daga baya ya zama na biyu ga Fir'auna. Idan muka ajiye labarin Yusufu kusa da waɗannan, za mu ga abin da ya rage wa na Perrault. Agololin Perrault sun tuba ne kawai bayan sun ga takalmi ya shiga ƙafa, kuma nan take aka saka musu da aure. Yusufu kuwa sai da ya gwada 'yan'uwansa ta wurin Biliyaminu, ya ga Yahuza ya miƙa kansa a madadin ƙanensu, sa'an nan ya bayyana kansa. Bai ce abin da suka yi ba mugunta ba ne, amma ya ciyar da su da 'ya'yansu. Cikin ɗalibanmu akwai waɗanda suka tashi a hannun da ba na mahaifiyarsu ba, wasu an riƙe su da kyau, wasu akasin haka. Ga waɗannan na biyu, tambayar ba ta tatsuniya ba ce.

Ƙasar Hausa ma tana da nata. Cikin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, waɗanda Neil Skinner ya fassara zuwa Turanci daga baya, akwai ta yarinya da kwaɗo da ɗan sarki. A nan ba agola ba ce abokiyar gaba, 'yar uba ce, gama mutumin matansa biyu, bora da mowa. Bora ta rasu, 'yarta ta koma hannun kishiya, ba a ba ta komai sai ƙanzo, ita kuwa takan kai wa kwaɗi a kududdufi. Ranar biki kwaɗo ya ba ta tufafi da takalma, ɗaya na azurfa, ɗaya na zinariya, ya ce ta bar na zinariyar a dandali. Bayan aure kishiyar uwar ta yi dabara ta musanya ta da 'yarta, da asiri ya tonu ɗan sarki ya sa aka kashe 'yar. Wajen horo, ashe, tamu ta fi ta Grimm tsanani. Amarya kuwa abin da ta roƙi mijinta shi ne ya sa a haƙa rijiya a gidan, kwaɗin nan suka tare a ciki.