Ƙibar Ƙwaya Ba Ƙibar Hutu Ba Ce

A ƙasar Adar, in aka ce wance ta yi kyau, galibi ana nufin ta yi jiki. Amarya ta zo ganin gida, kafin a tambaye ta lafiyar maigida an riga an dubi wuyanta da damatsanta. In ta murje a sa wa miji albarka, in ta rame a shiga ƙus-ƙus: ko yunwa, ko kishiya, ko wani ciwon da ba a son kiran sunansa. Wannan ra'ayi yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. Mutanen Barmu da ƙauyukan da ke kewaye da ita abincin shekararsu a damina ɗaya yake rataye, kuma wanda ya ga yunwar 1984 da ta 2005 ya san abin da rama take nufi. Ga shi maza da yawa suna bida a Abijan ko Libiya ko Najeriya, har jikin matar da aka bari a gida ya zama shaidar da dangi ke dubawa su gane ko aike yana isowa.

Can arewa da mu abin ya fi haka nisa. Wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta zauna da Larabawan Azawak a yankin Tasara, ta fitar da littafi a 2004 kan yadda ake ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun daga lokacin da ta fara famfara har jikinta ya cika. Ba yabon wannan al'ada nake ba, domin yarinya ce ake tilasta wa. Amma ko ba komai abinci ne, kuma shekaru yake ɗauka. Abin da ya shigo mana yanzu yanke ne: ƙwaya da ruwan kwalba daga tiren mai tallar magani a kasuwa, babu takardar likita, babu tambaya. A Kano har laƙabi aka yi wa irinsu, sha-ka-fashe, kuma sunan bai yi ƙarya ba.

Biyu ne suka fi yawo. Na farko deksametazon, wanda aka fi sani da deksa. Magani ne na gaske, likitoci suna ba da shi don kumburi mai tsanani da asma, a ƙayyadadden lokaci. Idan aka daɗe ana shan sa, yakan sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya tara kitse a fuska da ƙeya da ciki, yayin da naman hannu da na ƙafa ke zagwanyewa. Wato abin da ƙawaye ke gani su ce hutu, shi ne alamar da likita ke gani ya gane an yi ɓarna. Daga nan sai hawan jini, sai ciwon suga, sai ƙashi ya yi rauni, fata ta yi laushi ta tsattsage, al'ada ta rikice, garkuwar jiki ta faɗi har ƙurjin da ba ya kwana uku ya ƙi warkewa. Na biyu sifrohebtadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne wanda ke buɗe ciki ya kuma kawo barci mai nauyi. Shi ke cikin ruwan nan Apetamin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023, ta ambaci illarsa ga hanta. Mayukan bilicin da yawa ma da dangin deksa ake haɗa su, don haka wadda ke sha tana kuma shafawa ta ƙofa biyu take shigar da abu ɗaya.

Waya ta ƙara wa wutar iska. Da can yarinya da 'yan matan unguwarsu take gwada kanta, yau da matan TikTok da Instagram, waɗanda hotonsu sai ya bi ta manhajar gyara kafin ya iso gare ta. Kuma abin da ake yayi can ba ya zama wuri ɗaya. A 2001, da Agbani Darego ta Najeriya ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya, siriri ne abin nema a birane. Ba a jima ba sai zamanin su Kim Kardashian ya zo da ƙugu tsukakke da mazaunai manya, siffar da akasari wuƙar likita da kuɗi ke ƙerawa. Mawaƙiya Cardi B da kanta ta fito a 2022 tana jan kunnen 'yan mata kan allurar ƙara mazaunai, bayan an cire mata mafi yawan abin da aka ɗura mata. Ita tana da kuɗin gyara. 'Yar Barmu da ta sayi ƙwaya da kuɗin tallar hura, da me za ta gyara?

Wani zai ce wannan magana ta masu son mayar da matanmu sillan kara ce irin na Turawa. Ko kusa. Mace mai jiki wadda ta gaji jikinta ko ta same shi da ƙoshi da kwanciyar hankali, babu mai cewa ta rage. Ƙwayar ce ma ta saɓa wa al'ada, domin kakanninmu sun so ƙiba ne saboda tana nuna lafiya, ita kuwa wannan ciwo ne sanye da rigar lafiya. Wata kuma, daga cikin masu rajin 'yancin mata, za ta ce jikinta ne, ta yi yadda take so. Akwai gaskiya a nan, amma zaɓi sai da sani. Wadda ba a taɓa gaya mata abin da ƙwayar ke yi ba, kuma kullum tana shan gori, ba zaɓi ta yi ba, tura ta aka yi.

Shi ya sa ba na tare da masu ɗora laifin duka a kan 'yan mata, a ce son duniya ne da rashin godiyar Allah. Wa ya kira ta tsinke a dandali? Saurayi. Wa ya ce a gyara ta kafin biki kada a ji kunya gidan miji? Sau da yawa gwaggo ce ko uwa. Wa ke yabon matar maƙwabci a gaban tasa? Malamanmu da ke wa'azi kan haramcin cutar da kai sun yi daidai, sai dai wa'azin ya kamata ya isa majalisar maza, ya kuma isa ga mai tiren da ke sayar da maganin asibiti kamar alewa.

Ke kuma 'yar'uwa da kika riga kika daɗe kina shan deksa, kada ki watsar da shi rana ɗaya don kin karanta wannan. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai samar da sinadarin da ƙwayar ke kwaikwaya, kuma in an daɗe ana sha takan daina aiki. Yankewa farat ɗaya na iya kawo amai da jiri da faɗuwar jini, har da rasa rai. Ki ɗauki kwalin ki je likitar garinku ko babban asibitin Tawa, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina sha, a auna jininki da suganki, a rage miki shi sannu a hankali.