Tsohuwar mota da kayan gyaranta: ina za a same su?

Tun daga Yamai har Damagaram, duk wanda ya manyanta ya san Peugeot 404, wadda direbobi ke ce ma kat-san-kat. An fara ƙera ta a Faransa a 1960, aka daina ƙera ta masu zaman mutane a can a 1975. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Wasu kuma Turawa ne suka ratso hamada da su ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, suka saida su nan ƙasar. Motocin nan sun yi ma ƙauyuka aiki: sun kai hatsi kasuwa, sun kai marar lafiya likita.

Yau sun tsufa, amma ba su ƙare ba. A Turai ma akwai masu tara su, suna gyara su kamar ranar da suka fito. Ga irin waɗannan mutane, motar da ke da kayan gyaranta na asali ta fi daraja. Ga direban karkara kuwa, maganar ta wuce ta kuɗi. Taya ta fashe tsakanin Tanut da Agadas, babu kirik, rana ta take, ruwan sha ya kusa ƙarewa: wannan zancen rai ne.

Abin da motar ta zo da shi

A wancan zamani mota tana fitowa daga masana'anta da ƴan kayan aiki: kirik na ɗaga ta, wanda a Nijeriya ake ce ma jak, da hannun juya shi, da kile na kwance notin taya, da kile na buji. Wasu motoci, kamar Land Rover, har da jakar zane mai ɗauke da kile iri-iri, da abin kwance sukuru, da awartaki. Kayan nan su ne ke fara ɓacewa. Wannan ya ara bai maido ba, wancan ya saida mota ya riƙe kirik.

Kowane kile da notinsa

Kafin a je kasuwa, a san abin da ake nema. Motocin Faransa ana auna notinsu da milimita. Lambar da ke jikin kile, 10 ko 13 ko 17, ita ce faɗin kan noti. Tsohuwar Land Rover kuwa, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da inci ake auna nata. Inci 1 milimita 25,4 ne. Rabin inci ke nan milimita 12,7. Kile mai lamba 13 yana shiga notin rabin inci, amma da ɗan sarari. In noti ya yi tsatsa aka danna da ƙarfi, sai kile ya zame ya cinye kan noti. Daga nan sai guduma da kurfi.

Akwai kuma wani tsohon awon Ingila mai suna Whitworth, wanda ake samu a wasu sassan tsohuwar Land Rover. A nan lambar kile kaurin ƙusa take nunawa, ba faɗin kai ba. Saboda haka mai Land Rover ya tafi kasuwa da noti a aljihu, ya gwada kafin ya biya.

Mai 404 ko 504 mai shan sanas shi ma ya kula. Bujinta yana can cikin rami mai zurfi a kan inji. Gajeren kile ba ya kai wa gare shi, mai kauri kuma ba ya shiga. Sai dogo, siriri.

Inda ake nema

Wuri na farko shi ne garejin tsofaffin makanikai, inda matattun motoci ke kwance. A duba bayan mota, da ƙarƙashin kujeru, da wurin tayar ajiya. Sau da yawa kirik yana nan ba wanda ya taɓa shi. Bayan haka sai kasuwannin tsohon ƙarfe: Katako a Yamai, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna. Mai son na asali sak, akwai gidan tarihin Peugeot a garin Sosho na Faransa, wanda aka buɗe a 1988, da ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci da ke saye da sayarwa ta intanet. Amma kuɗin aikowa yakan fi kuɗin kaya.

Tsohon kile mai sunan masana'anta a jikinsa, irin Facom ta Faransa, ya fi sabo mai ƙyalli marar suna. A duba bakinsa: in ya buɗe ko ya tsage, a bar shi.

Abin da maƙeri zai iya, da wanda ba zai iya ba

Maƙeranmu suna ƙera ƙarfen ɓanɓare taya da hannun kirik daga tsohon ƙarfen mota, kuma suna aiki sosai. Dukawan Damagaram suna ɗinka jakar fata mai aljihu-aljihu, kowane kile da gidansa, yadda in ɗaya ya ɓace za a gani nan take.

Kirik kuwa ba a yi mashi dabara. Na 404 yana da hannu da ke shiga wani rami da aka yi dominsa a jikin mota, don haka a duba ramin bai ruɓe ba. Kirikin da aka like da walda, ko wanda haƙoransa suka cinye, a yar da shi. Na ƙaramar mota kuma ba ya ɗaukar bashe mai lodin buhunan gero. Cikin rairayi a sa katako mai faɗi ƙarƙashinsa, a tokare sauran tayoyi da dutse. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita.

Direbobi da masu motoci, kafin a tashi tasha a buɗe jaka a ƙidaya kaya. A gwada kilen taya a kan noti tun a gida, a ɗaga mota da kirik a gani. Fasinja ma yana da ikon tambaya kafin ya biya kuɗin mota. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.