Ƙaura a Cikin Kwamfutar Gida: Yadda Ake Kwashe Kaya Daga Wani Asusu Zuwa Wani

A gidajenmu da yawa kwamfuta guda ce tak, kuma kowa da sunan maigida yake shiga. A wuri ɗaya za ka tarar da lissafin shago, da hotunan suna da na biki, da takardun gona, da aikin makarantar yara. Ran da ƙaramin yaro ya goge abin da ba nasa ba, ko babbar 'ya ta fara rubuta kundinta na jami'a, a ranar ake tunawa cewa Windows ta ba da damar kowa ya sami nasa asusun da tasa kalmar sirri. Buɗe sabon asusu aikin minti biyu ne. Wahalar tana wurin kwashe kayan.

Asusu tamkar ɗaki ne a cikin gida. A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, ɗakunan suna ƙarƙashin jakar da ake kira Documents and Settings. Tun daga Vista a 2007 suka koma jakar Users, wadda na'ura mai Faransanci take nunawa da sunan Utilisateurs. A cikin kowane ɗaki akwai jakunkuna, wato dosiye, na takardu da hotuna da sauti da bidiyo, da abin da aka sauko da shi daga intanet, da abin da ke kan fuskar allo. A da akwai mataimaki na musamman domin wannan ƙaura a XP da Vista da Windows 7, amma Windows 10 ta zo a 2015 babu shi. Saboda haka wanda zai raba asusu a kan na'ura ɗaya, da hannunsa zai yi.

Kafin a taɓa komai, a kwafe kayan duka a kile USB ko a wani faifai na waje. Mu da wuta ke ɗauke mana ba sallama, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Daga nan a buɗe sabon asusun, a shiga cikinsa sau ɗaya, domin Windows ba ta gina ɗakin sai mai shi ya taka ƙofa. Hanya mafi sauƙi ita ce jakar Public, wadda take kamar tsakar gida: daga tsohon asusu a ajiye kaya a nan, a fita, a shiga sabon, a kwashe su zuwa muhallinsu. Kwafi za a yi, kada a yanke a liƙa. Dalili kuwa, kowane fayil yana ɗauke da izinin waɗanda aka yarda su buɗe shi. Wanda aka kwafa yana karɓar izinin sabon wurin, wanda aka ɗauke ɗungurungum kuwa yana iya tafiya da tsohon izininsa, har ya ƙi buɗuwa ga sabon mai shi. A kuma lura da fayil mai alamar gajimare a gefensa. Wannan yana OneDrive ne, sunansa kawai ke kan na'urar, sai an sauko da shi tukuna.

Takardu da hotuna ke nan. Tsare-tsaren da mutum ya saba da su kuwa suna cikin wata ɓoyayyiyar jaka mai suna AppData, wadda ba a ganinta sai an umarci na'ura ta nuna ɓoyayyun abubuwa. A nan ne masu gaggawa suke tuntuɓe, don sukan ɗebo jakar gaba ɗaya su juye a sabon asusu. Ba shawara ba ce. Sau da yawa tsohon asusun ya yi nauyi ne saboda tarkacen da ke cikinta, kuma wanda ya kwaso ta duka ya kwaso cutar tare da kayan. Akwai ma fayil mai suna NTUSER.DAT, inda Windows take rubuta tsare-tsaren mai asusu. Wannan kada a taɓa shi sam, domin ɗora na wani a kan na wani yana iya hana asusun buɗuwa.

Abin da ya fi shi ne a bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Firefox da Thunderbird suna tara komai nasu a jaka guda cikin AppData, ana iya kwafe ta bayan an rufe manhajar. Outlook na dā yana ajiye wasiƙu a fayil mai ƙarewa da pst. Wanda ya shekara yana koya wa Word kalmomin Hausa don ta daina ja musu jan layi, ya nemi ƙamusunsa mai suna CUSTOM.DIC, kada wahalarsa ta tafi a banza. Allon rubutu na Larabci ko na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ shi ma na asusu ne, sai an sake zaɓensa a sabon wurin, haka nan salon haruffan da aka girka wa mutum ɗaya.

Kalmomin sirri su ne suka fi buƙatar natsuwa. Chrome da Edge suna kulle su da mabuɗin da ke ɗaure da asusun Windows na mai su, don haka kwafin jaka ba ya kai su ko'ina. Ana iya fitar da su zuwa fayil, amma a sani cewa wannan fayil a buɗe yake, duk wanda ya same shi zai karanta komai har da na banki. In an yi amfani da shi, a goge shi nan take, a kuma zubar da kwandon shara. Haka kuma fayilolin da mai su ya kulle da makullin Windows, shi zai warware su daga cikin asusunsa kafin ƙaura. Idan mai gudanar da na'ura ya canza masa kalmar sirri da ƙarfi, suna iya zama a rufe har abada.

Akwai kuma wata magana da ba ta injin ba ce. Mai gudanar da na'ura, wanda galibi maigida ne ko ɗansa da ya fi sanin kwamfuta, yana da ikon shiga ɗakin kowa. A ganina iko ba izini ba ne, kuma hanin da addini ya yi wa bin diddigin asirin mutane bai tsaya a ƙofar allo ba. Wanda aka ba aikin kwashe kayan mahaifiyarsa ko na yayarsa, amana aka ba shi. Ya fi kyau mai kayan ya zauna kusa, ya nuna abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Ƙananan yara kuwa a ba su asusu na gama-gari marar ikon gudanarwa, don kada su girka abin da zai lalata na kowa.

Bayan an gama, a gwada adadin fayiloli da nauyinsu a wuraren biyu, a buɗe wasu a tabbatar suna aiki. Kada a yi saurin share tsohon asusu, domin a Windows 10 da 11 maɓallin sharewar yana tafiya da asusun da kayansa duka, kuma ba a kwandon shara yake zuba su ba. A bar shi wata ɗaya ko biyu. Yawanci sai ranar da aka tashi neman takardar haihuwar yaro ake gano cewa a kan fuskar tsohon allo aka bar ta.