Tattasai mai ciki: girkin Meziko da zai ƙosar da iyali da nama kaɗan

A gidajenmu tattasai ɗan rakiya ne. Ana jajjaga shi da attaruhu da albasa, ko a kai shi inji tare da tumatir, ya narke a miya, babu wanda zai sake ganinsa. A ƙasar Meziko kuwa akwai girkin da tattasai ne uban tafiya. Sukan gasa shi, su cire ɓawon, su cusa masa nama ko cuku, a ajiye wa kowa nasa a faranti. Sunan abincin chiles rellenos, ma'ana barkonon da aka cika wa ciki.

Ba mamaki su fi kowa sanin kansa. Dangin barkono gaba ɗaya, har da tattasai da attaruhun da muke ganin namu ne, asalinsu nahiyar Amurka, kuma manoman Meziko sun shafe dubban shekaru suna nomansa kafin jiragen Turawa su bazu da shi zuwa Afirka da Asiya bayan 1492. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiyar ƙasar cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Irin da suke amfani da shi ana ce masa poblano, daga sunan jihar Puebla. Kore ne mai duhu, girmansa kamar tafin hannu, yajinsa kaɗan ne. A jihar akwai wani nau'in wannan girki na musamman, chiles en nogada, da ake yi a watannin Agusta da Satumba dab da bikin 'yancin kai. Koren barkono, farar miya a kansa, da jajayen 'ya'yan rumman, launukan tutar ƙasar ke nan. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne wasu mata masu hidimar coci ne suka fara dafa shi a 1821 don karrama Agustín de Iturbide, jagoran sojojin da suka kammala ƙwato 'yanci daga Sifaniya. Wancan na biki ne, yana cin lokaci da kuɗi. Wanda iyalai ke ci yau da gobe ya fi sauƙi, kuma shi ne za mu duba.

Poblano ba ya cikin kasuwanninmu, amma koren tattasai mai kauri yana maye gurbinsa. Jan tattasai ma ya yi, in an zaɓi manya masu ƙwari, sai dai jikinsa ya fi laushi, ba ya son daɗewa a wuta.

Gashin shi ne ginshiƙin aikin, kuma nan ne masu gaggawa ke yin asara. Uwargida ta ɗora tattasan kai tsaye a kan harshen gas ko garwashin gawayi, tana juyawa har fatar ta yi baƙi ta kumbura ko'ina. Sai ta zuba su a kwano ta rufe na minti goma zuwa sha biyar. Tururin zai ɗaga ɓawon, ta murje shi da yatsa. Kada a wanke da ruwa, domin ƙamshin hayaƙin da aka wahala a kansa zai bi ruwan. Mutane da dama na amfani da leda wajen rufewa, amma kwano mai murfi ya fi, abu mai zafi da leda ba su dace ba. Daga nan a tsaga gefe ɗaya a tsaye, a fitar da 'ya'yan a hankali, a bar hancin yadda yake don shi ne abin riƙewa.

Abin cikin suna kiransa picadillo. A can sukan haɗa da naman alade, amma na saniya zalla ma abu ne da aka saba, don haka babu abin da muka rasa. Rabin kilo na niƙaƙƙen nama ya ishi tattasai takwas. A soya albasa ɗaya da tafarnuwa a mai kaɗan, a zuba naman, a ci gaba da juyawa har jan ya ɓace tas. A ƙara tumatir biyu, dankalin Turawa da karas da aka yanka ƙanana, gishiri, da ɗan kirfa da kanumfari. Wasu na jefa zabibi don ɗan zaƙi. Mai son yaji ta sa attaruhu ɗaya a nan, tunda koren tattasai ba ya da nasa. A bari ruwan ya tsotse, in ba haka ba tattasan zai jiƙe ya yage.

Niƙaƙƙen nama yana son kulawa fiye da tsoka. Ƙwayoyin cutar da ke saman nama injin niƙa yana cakuɗa su zuwa ciki, shi ya sa dole ya dahu sosai kafin a cusa shi. In a kasuwa za a niƙa, a dubi tsabtar injin, kuma a dafa a ranar.

Idan nama ya yi tsada, a rage shi rabi a cike da dafaffen wake ko shinkafa. Wannan ba ha'inci ba ne ga lafiyar yara. Gram 100 na ɗanyen jan tattasai yana ɗauke da sinadarin bitamin C fiye da ninki biyu na wanda ke cikin lemon zaƙi mai nauyi ɗaya. Wuta na rage shi, amma abin da ya saura yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, wanda masu ciki da yara ke buƙata don gudun ƙarancin jini.

Bayan an cika, a maƙale bakin da tsinken sakace. A nan hanya ta rabu biyu. Ta asali ita ce a raba farin ƙwai huɗu da ƙwanduwa, a buga farin har ya tashi kamar kumfar sabulu ya tsaya, sannan a zuba ƙwanduwar a gauraya a hankali. A barbaɗa wa tattasan fulawa, a tsoma a ƙwan, a soya a mai mai zafi har ya yi ruwan zinari. Daɗi kam akwai shi, amma rigar ƙwan nan tana shan mai kamar soso. Gidan da ke da mai hawan jini, ciwon suga ko ƙiba, gara a bar ta. A jera tattasan a faranti, a gasa a obin na kamar minti ashirin, ko a ɗora su cikin miyar a rufe tukunya a wuta kaɗan. A ganina wannan ma ya fi fito da ɗanɗanon tattasan.

Miyar ba ta da kauri irin tamu. Tumatir biyar, rabin albasa da tafarnuwa a markaɗa, a tace, a tafasa da ruwan nama har ta zama kamar romo. Magi ɗaya ya isa, tunda naman ciki ya riga ya sha gishiri.

A Meziko ana cin sa da jar shinkafa, wake da waina marar kauri ta masara da suke kira tortilla. A nan farar shinkafa ko gurasa ta wadatar. A tuna a cire tsinken kafin a miƙa wa yara. Yaron da ya saba tsince ganye yana turewa gefen faranti, a ba shi nasa guda ya yanka da kansa, kada a gaya masa abin da ke ciki.